Kalma Ɗari Shida, Kofi Uku

Tsoron ya kama ni ne yau Litinin, wajen ƙarfe tara na safe, lokacin da na ji kofi yana ƙara a haƙoran Inna. Inna ita ce mai liƙa takarda a jikin kwalabe a kamfaninmu. Dattijuwa ce mai fama da hawan jini, kuma wannan ne kofi na uku da aka miƙa mata cikin minti ashirin. Hannunta yana rawa, bakin kofin yana bugun haƙoranta, kaf-kaf-kaf. Mu goma sha huɗu ne a ɗakin taro, kowa ya ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba, domin a lokacin yana magana, kuma idan yana magana ba ya sauraron kowa sai wanda ya fi kowa cancantar a saurare shi, wato shi kansa.

Amma rashin ladabi ne a fara labari da mai liƙa takarda alhali ga Darakta a tsaye.

Daraktanmu mutum ne da Allah ya yi wa baiwa, kuma bai taɓa yin rowar sanar da ita ba. Kamfanin na yayan matarsa ne, amma kada wani ya yi mummunan zato. Bisa cancanta aka zaɓe shi, daga cikin duk mazan da suka auri ƙanwar mai kamfanin. Gajere ne, mai tumbi madaidaici da ƙaton agogo. Idan zai wuce ta gaban ma'aikata, sauri yake yi, da fayil a hammata, takalmi na ƙwas-ƙwas, yana jefa umarni hagu da dama: "A zabura! A zabura!" Da ya sha kwana sai ya rage tafiya, ya jingina da bango ya yi numfashi. Fayil ɗin babu komai a ciki. Na sani, domin ya taɓa faɗuwa a gabana. A gaban idonsa muna ce masa ranka ya daɗe. A bayansa Zabura muke ce masa, tun daga mai gadi har mai shara.

Abin da muke yi ruwa ne a ƙananan kwalabe, sunansa Tashi Tsaye. Direbobi ne ke saye, da teloli, da ɗalibai masu jarrabawa. Abu huɗu ne a ciki: ruwa, sukari, kala, da wani farin gari da ake kira kafeyin, wato abin nan da ke cikin gahawa yana hana mutum barci. Ni kuma aikina in sa hannu. Na gama karatun kimiyyar haɗa sinadarai, na yi shekara biyu a gida ina wanke-wanke ina aika takardun neman aiki, sai masu duba kamfanoni suka ce dole a sami mai digiri ya riƙa sa hannu a kan kowane haɗi. Aka ba ni ɗaki mai famfo ɗaya, da sikeli, da wata na'urar gwaji da aka lulluɓe da farin zane. Ba a taɓa jona ta da wuta ba. Baƙi kawai ake ɗage wa zanen su leƙa, su ce masha Allah, a mayar.

Ranar da na fara aiki Darakta ya kira ni ofishinsa. Hotunansa ne a bango, a kowanne yana gaisawa da wani, a wasu ma an yanke wanin, hannunsa kawai ya rage. Ya juya a kujerarsa sau ɗaya cikakke kafin ya dube ni.

"'Yar Digiri, a makarantarku me kuke ce wa irin abin da muke yi?"

Na faɗa masa yadda aka koya mana. Abu ne da ke zuga zuciya da ƙwaƙwalwa su yi sauri. Ba ya ƙara wa jiki komai, kamar a ɗora wa gajiyayyen jaki bulala ne, zai yi gudu amma ba ƙoshi ya yi ba. Kaɗan yana da amfani, da yawa yana da haɗari.

Ya rufe ido kamar wanda aka taka wa yatsa.

"Jaki," in ji shi. "Shekara huɗu a jami'a, jaki. Zauna in ba ki abin da ba su ba ki ba. Kalmomi, 'yata, kamar ma'aikata suke, kowacce da matsayinta. Akwai 'mai hana barci'. Wannan kalmar masu gadi ce, ba ta shigowa ofishina. Akwai 'mai wartsakarwa'. Tana da ladabi, amma ba ta da ƙashi, irin abin da ake ba baƙo ne idan ya sha rana. Akwai 'mai farfaɗowa'. Wa ya suma? Mu ba gawa muke sayar wa kaya ba. Akwai 'mai ƙara kuzari', wadda kowa ke yayi. Zagi ce! Kin ce wa mutum za ki ƙara masa, kin ce ba shi da shi ke nan. 'Mai sa karsashi' ta 'yan wasa ce. 'Mai ƙara ƙaimi' ta masu doki ce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi musu jarrabawa, duk suka faɗi. Shi ya sa na ƙirƙiro tawa." Ya nuna takardar da ke jikin kwalba. An rubuta: Mai Ɗaukaka Himma. "Wata bakwai ina neman ta. A banɗaki ta zo mini."

Na tambaye shi ina gargaɗin da ake rubutawa saboda masu ciwon zuciya da masu juna biyu. Ya nuna mini shi a gindin kwalbar. Na ɗauka ƙura ce.

Duk wannan ƙaramin aikinsa ne. Babban aikin, wanda ya ce tarihi zai tuna da shi saboda shi, shi ne Zaman Kalma.

Kowace Litinin da safe, kafin a fitar da haɗin da aka yi a ƙarshen mako, ana tara ma'aikata a ɗakin taro. A zuba wa kowa kofi ɗaya. Ka shanye, ka kife kofin a faranti don a ga ba ka rage ba, sannan ka faɗi kalma ɗaya da ke bayyana yadda ka ji. Darakta ya rubuta a wani ƙaton littafi mai baƙin bango, wanda ya ce wata rana jami'o'i za su yi faɗa a kansa. Doka ɗaya ce: ba a maimaita kalma. Duk kalmar da wani ya taɓa faɗa, ta shiga littafi, ta mutu. Wanda ya maimaita, alama ce ƙwaƙwalwarsa ba ta farka ba, don haka a ƙara masa kofi.

A shekarun farko abin da sauƙi. Garau, wasai, sarai, tangaram, nishaɗi, hanzari, azama, walwala, zafin nama. Zuwa lokacin da na zo, littafin ya kai kalma ɗari shida da 'yan kai, rijiyar ta ƙafe. Ma'aikata kan kwana suna tunani. Direba yakan tsayar da tsofaffi a hanya ya tambaye su. Mai gadi ya taɓa ƙirƙiro "firinjigim", Darakta ya karɓa, har ya ce ya san kalmar tun yana yaro, kakarsa na yawan faɗa. Mai shara ta fara kawo sunayen tsuntsaye. Wadda ba ta taɓa rasawa ba ita ce Inna. Ta tashi a hannun tsofaffi, bakinta cike da magana. Da safiyar Litinin za ka ga an kewaye ta a bakin ƙofa, tana raba kalmomi kamar mai raba alewa, tana zagin su. "Ƙatti da ku, baki kamar na tulu, babu komai ciki sai iska. Ungo, kai ka ce 'cas'. Ke ki ce 'sumul'. Saura ku manta."

Idan wani ya yi kuskure ya faɗi gaskiya, Darakta yana da haƙurin gyara masa. Wanda ya ce hannunsa na rawa, a rubuta "zumuɗi". Wanda ya ce zuciyarsa na dukan ƙirji, a rubuta "shauƙi". Ciwon kai ya zama "cikar tunani". Direba ya taɓa cewa tun da ya sha yake zaryar banɗaki, aka rubuta "sabuntawa". Ta haka ne a shekara goma ba a taɓa samun ƙorafi ko ɗaya a kan Tashi Tsaye ba. Littafin yana nan, duk mai shakka ya duba.

Makon jiya Darakta ya cika shekara goma a kujera. Ya shirya wa kansa bikin ba-zata. Shi ya rubuta jawabin da direba ya karanta a madadin ma'aikata, shi ya zaɓi kyautar, shi ya kai ta aka zana sunansa a jiki. Da aka miƙa masa, ya dafe ƙirji ya ja da baya. "Ni? Haba, jama'a! Me na yi?" Har da hawaye. Kofi ne na ƙarfe mai ruwan zinariya, mai hannu biyu, irin wanda ake ba 'yan ƙwallo. Ya sa masa suna Kofin Girma.

Da wani mutum ne, da ya ajiye shi a kan kabad. Darakta ba wani mutum ba ne. Ya ɗauke shi ya nufi ɗakin haɗi, mu duka a bayansa.

Mai haɗa mana ruwan wani dogon mutum ne mai sanyin magana, Dogo muke ce masa. Tun da aka buɗe kamfanin, da wani tsohon gwangwanin madara yake auna farin garin. Gwangwani uku a tanki, ba ƙari ba ragi. Darakta ya ɗaga gwangwanin da yatsa biyu.

"Ku duba. Shekara goma himmar al'umma tana fitowa daga gwangwanin madara! Daga yau, duk ƙwayar garin da za ta shiga tanki sai ta bi ta cikin sunana."

Dogo ya leƙa cikin Kofin Girma, ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, kamar ya fi wancan ciki."

"Dogo, nawa kake zubawa da?"

"Uku."

"Yanzu nawa na ce ka zuba?"

"Uku."

"To ina bambancin? Uku ai uku ce, ko a jami'a."

Aka yi dariya, domin ya dubi inda ake dariya.

Da yamma na ɗauki gwangwanin daga kwandon shara, na kai shi ɗakina tare da Kofin Girma. Na cika kowanne na ɗora a sikeli. Na sake. Na sake. Kofin Girma yana cin gwangwani uku, saura kaɗan. Na yi lissafi a bayan ambulan. A da, kofi ɗaya na Tashi Tsaye daidai yake da gahawa biyu. Yanzu zai zama shida.

Na rubuta wa Darakta takarda, rabin shafi. Na ce sabon haɗin yana da haɗari, kada a sha, kada a sayar, kuma ba zan sa hannu ba. Kafin a tashi ta dawo mini, ta sha jan biro. Inda na rubuta "haɗari" ya soke ya rubuta "ƙarfi". Inda na rubuta "ya wuce kima" ya rubuta "ya kai matsayi". A ƙasa ya ba ni maki huɗu cikin goma, ya ƙara da cewa: A yawaita karatu. Zaman Kalma ne zai yanke hukunci.

Yau Litinin na yi sammako na tsaya a bakin ƙofa ina ce wa kowa ya ɗan taɓa da leɓe kawai. Suka dube ni da tausayi. Kofin da ake kifewa a faranti, ta ina za a taɓa da leɓe? Na riƙe hannun Inna na ce ta ce ba ta da lafiya.

"'Yata, shekara tara ina shan abin nan. Kofi ɗaya ne, in faɗi kalmata in koma kan kwalabena."

Tana faɗar haka sai ga Dogo, ido jajur. Matarsa ta haihu ranar Asabar, kwana biyu bai runtsa ba, kansa babu ko kalma ɗaya.

"Inna, ki rufa mini asiri."

"Duk na rabar, ɗan nema. Tawa kaɗai ta rage." Ta harare shi. Ta ja tsaki. "Ka ce 'sakayau'. Ni zan samo wata kafin a zo kaina. Yaya mai jegon?"

Darakta ya buɗe zama da karanta takardata a gaban kowa, da siririyar murya, yana karkaɗa kafaɗa. Sannan ya yi mini afuwa. "'Yar Digiri ba za ta sha ba yau. Tsoro ya riga ya ɗaukaka mata himma." Aka zuba wa sauran. Na ga fuskoki suna yamutsewa, domin ɗacin ya fi ƙarfin sukarin. Aka kife kofuna. Dogo ya ce sakayau, Darakta ya yaba masa, ya ce haihuwa ta buɗe masa kai. Aka zo kan Inna.

Ta dubi silin.

"Garau," in ji ta.

Darakta ya lashi yatsa ya buɗe littafi, cikin jin daɗin mafarauci. "Shafi na biyu. Direba ne ya faɗe ta, tun yana da gashi. Haba Inna, ke ma? A ƙara mata."

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, tana da hawan jini."

"A zauna. Ba a kira digiri ba."

Na zauna. Shekara biyu na yi a gida kafin in sami kujerar nan, kuma na zauna a kanta. Babu wata kalma a littafinsa da za ta gyara wannan.

Inna ta shanye na biyu. Gumi ya keto mata a goshi. Ta ce wasai. Shafi na biyar, ita da kanta ta faɗa. Darakta ya girgiza kai cikin baƙin ciki, ya zuba na uku da hannunsa mai albarka, ya juya wajen sauran yana bayani a kan yadda tsufa ke cinye kalmomin mutum idan bai riƙi karatu ba, yadda shi kullum yakan haddace biyar kafin karin kumallo. A nan ne kofin ya fara ƙara a haƙoranta. Ta shanye don ta huta da shi. Ta so ta kife, kofin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Darakta," in ji ta, "ƙirjina."

"Ƙirji kowa yana da shi, Inna. Yaya kika ji a cikinsa? Nemo ta. Tana zuwa, ina ganinta a idonki."

Ta zame daga kujera. Dogo ne ya tare kanta kafin ya bugi ƙasa.

A irin wannan lokaci ake gane shugaba. Ɗaki ya rikice, mata na salati, wani na fifita da fayil, wani na neman ruwa. Darakta kaɗai ne bai ruɗe ba. Ya rufe littafinsa, ya sa a hammata, ya hau kan ɗan dandamalin da ake ajiye masa don ya ga kowa.

"A natsu! Wannan ba suma ba ce. Himma ce ta zo wa jiki fiye da yadda ya saba, jiki ya ɗan koma gefe ya ba ta wuri. A turance ma akwai sunansa."

Dogo ya saɓa Inna a kafaɗa ya nufi motar kamfani. Direba ya riga ya tayar. Motar farar bas ce, an zana wani ƙato a jikinta yana tsinka sarƙa, da Tashi Tsaye da manyan baƙaƙe. Darakta ya sha gabanta, hannu biyu a sama.

"Ba da wannan ba! Ku yi tunani mana! A ga sunanmu a ƙofar asibiti, ana sauke mutum a kwance? A nemo tasi. Ko a rufe rubutun da kwali. Ina sal'tef ɗin liƙewa?"

Direba mutum ne da bai taɓa musa masa ba, ko a kan hanyar da ta fi kusa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafata rawa take yi a kan birki, ban san iya lokacin da za ta riƙe ba." Darakta ya yi tsalle gefe. Ban taɓa ganin ya zabura da gaske ba sai yau.

Na kulle ɗakin ajiya na jefa makullin a jakata, muka cika motar. Duk wanda ya sha yana karkarwa. Mai shara tana dariya tana kuka ba ta san dalili ba. Inna na kwance a cinyata, leɓenta ya yi fari, na sa yatsa a wuyanta na kasa ƙirga bugun.

A asibiti aka ɗora ta a gadon turawa aka shige da ita wata ƙofa mai gilashi. Nas ɗin da ta tare mu ƙaƙƙarfar mace ce mai biro a bayan kunne. Tana cikin tambayarmu sai ga Darakta ya iso a motarsa. Ya tsaya ya canza riga, ya sa kwat.

"Me ta sha?" in ji nas.

Ya matsar da ni gefe. "Malama, tambayarki ta fi yadda kike zato zurfi. Wasu za su ce miki mai ƙara kuzari ne, amma wannan kalma, kamar yadda na sha bayyanawa..."

"Me ke ciki, kuma nawa?"

"Mai Ɗaukaka Himma ne. Ni na ƙirƙiro..."

"Akwai mai hankali a cikinku?"

Na miƙa mata ambulan ɗin. Na ce kafeyin ne, kofi uku ta sha, kamar gahawa goma sha takwas cikin minti ashirin, kuma tana shan maganin hawan jini. Ta dube ni, ta dubi lissafin, ta ruga ciki.

Ba a jima ba 'yar Inna ta iso, da goyo a baya, takalmi wari da wari. Wani ya nuna mata Darakta. Ta durƙusa har ƙasa tana kuka. "Baba, mun gode. An ce da motarku aka kawo ta. Allah ya saka da alheri."

"Ba komai, 'yata," in ji shi, yana dafa kan goyon. "Ma'aikatana 'ya'yana ne. Nan take na ba da umarni."

Dogo ya juya ya fuskanci bango.

Nas ta dawo da abin awon bugun zuciya. Ta jera mu a benci, ta ce duk wanda ya sha daga haɗin nan sai an duba shi. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Direba ɗari da ashirin. Dogo ɗari da talatin. Ni ɗari da goma.

"Ke ma kin sha?"

"A'a."

"To tsoro ne. Yi numfashi."

Darakta bai jira a zo kansa ba. Ya naɗe hannun kwat ya miƙa, yana duban 'yar Inna da sauran masu jinya da suka taru suna kallo.

"Auna, malama, ki ga bambanci. Ni kofi huɗu na sha yau tun kafin su zo, daga wannan haɗin. Haka nake yi kowace safiya, shekara goma. Ba na ba mutanena abin da ban fara gwadawa a jikina ba. Jiki ne ya san himma. Matsalar ba ta ruwan ba ce, ta mai sha ce."

Ta auna. Ta sake aunawa. Sittin da takwas.

"Huɗu ka ce?"

"Ko biyar."

"To abin bai fara aiki ba ke nan, kuma idan ya fara, a tsaye za ka faɗi." Ta ɗaga murya ta kira wani ma'aikaci. "Kawo gado! A kawo robar wankin ciki, babbar. Baba, cire kwat. Ta hanci za mu zura, ka haɗiye a hankali, kada ka yi motsi."

Ma'aikacin ya taho da gado yana ƙiƙi-ƙiƙi. A kai ga roba a naɗe, kaurinta kamar ɗan yatsa. Darakta ya dube ta. Ya dubi ƙofar fita, Dogo na tsaye a wurin. Mutumin da ke da kalma ɗari shida a hammata ya buɗe baki, aka ji wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako.

"Ban sha ba."

"Me ka ce?"

"Ban sha ba."

"Yau?"

"Ban taɓa sha ba. Yana sa ni faɗuwar gaba."

'Yar Inna ta tashi daga kusa da shi, ta gyara goyonta, ta koma can ƙarshen benci. Nas ta mayar da biro bayan kunne.

"To matsa. Wurin marasa lafiya ne."

Aka ba shi wata kujerar roba kusa da kwandon shara. Ya zauna, littafin a cinya. Wayarsa ta yi ƙara sau uku, sunan yayan matarsa a jiki, bai ɗauka ba. Bayan rabin sa'a muka ji wani sauti, muka waiwaya. Kansa ya langaɓe, baki a buɗe. A cikinmu duka, shi kaɗai ne jikinsa ya bar shi ya yi barci.

Yanzu ƙarfe huɗu saura. An sallami direba da mai shara, an ce su sha ruwa da yawa. Dogo ya ƙi tafiya. Likita ya fito sau ɗaya, ya ce bugun zuciyar Inna bai daidaita ba, sun ba ta magani karo na biyu, idan bai kama ba za su gwada na'urar daidaita bugun zuciya. 'Yarta ta tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce bai sani ba tukuna.

Ƙofar a rufe take. Muna jira.